Yadda A Ke Mulkin Jami'a

'Yan'uwa, da yawa cikinmu mukan zaci shugaban jami'a shi ke da wuƙa da nama. Ba haka ba ne. Mu dubi Kwalejin Ibadan, wadda aka buɗe cikin 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan.

An raba mulkinta ga majalisu biyu. Ta fari ita ke riƙe da kuɗi da gine-gine, ma'aji kuwa ba ya kashe ko kwabo sai bisa ga abin da ta yarda. Ta biyu ta manyan malamai ce, ita ke tsara karatu da jarrabawa. Duk da haka, kafin kwalejin ta zama jami'a mai cin gashin kanta cikin 1962, ba a ba kowa digiri sai malaman Landan sun duba tambayoyi da amsoshi.

Dalili kuwa, in mai riƙe da jaka ya sami ikon ba da takardar shaida, to, ilmi ya zama hajar kasuwa. Saboda haka mu da za mu riƙe makarantu, kada mu ga bincike wulakanci ne. Shi ke tsare mutuncin takardar da yaranmu za su fita da ita.