Yadda Python ya warware matsalar adireshin fayil

Kowane fayil a kwamfuta yana da adireshinsa, amma Windows da Linux sun bambanta wajen rubuta shi. Hakan kan sa manhajar da ke aiki a wannan kwamfuta ta cije a waccan.

A shekarar 2014, Python, harshen rubuta manhaja, ya fito da pathlib, wanda ke daidaita adireshin da kansa. Sai dai sauran kayan aikin harshen, har da umarnin buɗe fayil, ba sa karɓarsa a lokacin, sai an mayar da shi rubutu zalla.

A watan Disamban 2016 ne Python 3.6 ya cike wannan giɓi, bisa shawarar Brett Cannon da Koos Zevenhoven.