Ɗalibin Malanta Da Maƙogwaronsa

Tun daga 1922, sa'ad da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina, ana ta horon malamai a ƙasar nan. Ana koya musu lissafi da tarihi da shirya darasi, har da yadda za su riƙe alli. Amma akwai wani kayan aiki guda wanda malami ke tashi da shi tun daga ƙararrawar safe har a tashi, ba kuwa kasafai a ke nuna masa yadda zai tattala shi ba, watau muryarsa.

Mu ɗauki saurayi ɗan Kanya, cikin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu ta ƙasar Zuru, wanda ya tafi Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu. A kwaleji aikinsa saurare ne. Ran nan sai a tura shi gwajin koyarwa, ya tsaya gaban yara sa'a huɗu ko biyar yana magana. Tsarin ilmi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yaro 35 a firamare, amma kowane magatakarda da ya taɓa duba rajista ya san aji kan ninka haka. Ga rufin kwano wanda in an yi ruwa ba a jin kowa, ga aji na kusa suna karatu da ƙarfi, ga ƙurar alli da ta hunturu. Har wa yau a ƙasar Zuru yara da yawa kan zo makaranta da harshen gidansu, kamar C'lela, saboda haka abin da ya faɗi da Turanci sai ya maimaita da Hausa, wani sa'i sau uku. Kafin mako biyu murya ta dushe.

To, me ya faru a ciki? A maƙogwaro akwai wasu tantani biyu ƙanana. In mutum zai yi magana sai su haɗu, iskar huhu ta ratsa su, su yi ta kaɗawa suna bugun juna, na namiji wajen sau 120 a daƙiƙa guda, na mace wajen sau 200. Ku lissafa wannan bisa yinin malami. In an ɗaga murya bugun sai ya ƙara tsanani, bakin tantanin ya kumbura, in kuwa aka ci gaba sai ya yi kanta, kamar yadda garma ke yi wa hannun manomi. Sai dai kantar hannu taimakon manomi ta ke yi, ta maƙogwaro kuwa hana tantanin rufuwa ta ke yi, iska ta riƙa zurarewa. Da ya ke na mata sun fi yawan bugu, malamai mata sun fi shan wannan wahala.

Kada a ce raki ne. A Amurka, cikin 2004, an buga wani bincike da aka yi a jihohin Utah da Iowa, aka tarar kusan 58 cikin 100 na malamai sun taɓa ciwon murya a rayuwarsu, na sauran mutane kuwa wajen 29 ne. Wanda ya fi shafarmu shi ne na ƙasar Finlan, na shekarar 2000, inda aka duba ɗaliban malanta 226, aka sami wajen ɗaya cikin biyar da lahani a maƙogwaro tun ba su kama aiki ba. Can fa ajinsu bai kai namu cika ba.

A ganinmu a nan gyara ya ke, watau tun a kwaleji. Ɗalibi yana tsoron mai duba shi, yana zaton ƙarfin murya shi ne riƙon aji, sai ya saba da tsawa, abin da aka saba da shi cikin ƙuruciya kuwa da wuya a bari. Wani likitan Faransa, Lombard, ya nuna tun 1911 cewa mutum kan ɗaga murya da kansa in akwai hayaniya, ba tare da ya sani ba. Ashe ke nan dabara ita ce a kashe hayaniyar tukuna. Malami ya tafa hannu ko ya buga tebur, ya yi shiru har yara su natsu, sa'an nan ya fara. Ya matsa kusa da su. Kada ya yi magana yana fuskantar allo. Ya ba yara aikin rubutu ko karatu tsakanin bayani da bayani, don maƙogwaro ya sami hutu. Wannan duka darasin sa'a kaɗan ne, ba ya cin ko kwabo, muna kuwa roƙon shugabannin kwalejoji su sa shi gaba da fita gwaji.

Sauran kuwa na kowa ne. A ajiye ruwa a kusa ana kurɓa, a watan azumi kuma a sha isasshe tsakanin buɗa baki da sahur. A rage yawan gyaran murya, gama shi ma bugun tantanin ne. Raɗa ba hutu ba ce, ta kan ƙara gajiyar da su, gara a yi magana a hankali ko a yi shiru. Taba mugunyar abokiyar gaba ce. Ƙwannafi ma kan ƙona maƙogwaro, don haka kada a cika ciki da yaji a kwanta nan da nan. Zuma da citta da lemon tsami suna da daɗi a maƙoshi, ba mu hana kowa ba, amma ba sa sauka kan tantanin, hanyarsu dabam.

Abin da za mu ja kunne a kansa ƙwarai shi ne zuwa wurin wanzami a cire beli. Beli yana can sama, murya tana ƙasa, yankan ba ya gyara ta, ga hatsarin zubar jini da shigar cuta. Dushewar da ta wuce mako uku, ko wadda ta zo da jini ko wuyar haɗiya, ta likita ce. A fara da babban asibitin Zuru, su kuwa in sun ga ya kamata sa tura mutum wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro, a Birnin Kebbi ko Sakkwato, inda za a leƙa tantanin da madubi.