KAYAN ANGO: A ZAƁI RIGAR DA ZA TA WUCE RANAR BIKI

Idan ana shirin aure a ƙasarmu, hankalin kowa kan koma ga amarya da kayan lefenta. Shi kuwa ango, sau da yawa sai saura mako biyu ya tuna ba shi da abin sawa. Daga nan sai gaggawa, sai cin bashi, sai ɗinkin da ba ya zama a jiki. Biki kwana ɗaya ne, amma babbar riga mai kyau takan yi shekaru ana fita kunya da ita. Saboda haka ya kamata saurayi ya zauna ya yi lissafi tun da wuri.

Mu fara da yadi. Cikakken kayan ango guda 3 ne: babbar riga, 'yar ciki da wando. A bisa al'ada yadi 10 ake yanka musu, kaftani da wando kuwa yadi 5 kan isa. Wanda aljihunsa bai kai ba, gara ya ɗinka kaftani na yadin kirki da ya ɗinka babbar riga ta yadin banza. Daidai ruwa daidai tsaki.

Shadda ita ce kan gaba a wajen biki. Wadda ta fi suna ita ce Getzner, wadda ake saƙawa a garin Bludenz na ƙasar Ostiriya, a kamfanin da aka kafa tun 1818. Auduga ce mai kyau, shi ya sa take da tsada. Akwai kuma shadda iri-iri daga ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi, waɗansu auduga, waɗansu gauraye da zaren roba. Ba laifi ba ne mutum ya sayi mai araha, in dai ya san abin da ya saya. Abin baƙin ciki shi ne a biya kuɗin ta ainihi a tafi gida da jabu, gama tambarin da ke bakin yadi ma ana kwaikwayonsa.

To, yaya za a gane? Ka roƙi mai kanti ya ba ka ɗan ƙyalle. Ka zare zare kaɗan ka sa masa ashana. Auduga takan ci wuta kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba kuwa narkewa yake yi, ya dunƙule ya yi tauri. Sa'an nan ka jiƙa ƙyallen ka murza. In ƙyallinsa na sitati ne kawai, nan take zai dushe, in kuma rininsa mai zuba ne, za ka gani a ruwan. Ko a Kantin Kwari na Kano za ka saya, ko a kasuwar garinku, ka tafi da telanka ko wani dattijo da ya san yadi.

A lura kuma da lokaci. Ɗaurin aure da rana ake yi, ango zai yi awoyi a tsaye ana gaisuwa ana ɗaukar hoto. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin bazara, yadin roba azaba ne domin ba ya shan gumi. Auduga marar nauyi, fara ko ruwan madara ko sararin samaniya, ita ta dace. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, ana iya sa mai kauri, har ma da saƙi irin na kakanninmu, wanda ake saƙawa ƙwarya-ƙwarya a harhaɗa. Mai son shuɗi na gargajiya, har yanzu ana rini da baba a marinar Ƙofar Mata a Kano, masu bugu kuma suna nan suna fito da ƙyallin tufa da sandunansu.

Sai batun aiki. Aikin hannu irin su aska biyu da aska takwas, wanda birnin Zariya ya yi suna a kansa, yakan ɗauki makonni, wani ma watanni. Aikin keke ya fi sauri da sauƙin kuɗi, kuma in an sami gwani yana da kyau ƙwarai. Ko wanne ka zaɓa, ka juya rigar ka duba bayan aikin. In zare ya yi tsamo-tsamo, ko yadin ya tattare, ba zai jure wanki ba. Zaren da ya yi kusa da launin yadin ya fi daɗewa ana yayinsa. Kada a manta, gab da Kirsimeti da Salla teloli ba su da sukuni. Ka kai ɗinkinka aƙalla wata 2 kafin biki, ka kuma gwada shi saura mako 2, don a sami damar gyara.

Wajen gwaji, ka yi duk abin da za ka yi a ranar. Ka durƙusa kamar yadda za ku yi sa'ad da ake sa muku albarka, ka miƙe, ka naɗe hannun rigar a kafaɗa, ka miƙa hannu kamar mai sa zobe. Rigar da ke jan ƙasa tana iya harɗe ango a gaban jama'a.

Hula ita ce cikon ado. Akwai ƙube, da Zanna Bukar, da damanga, da irin ta Bama daga Borno. Da inci ake auna ta, yawancin maza kuma suna tsakanin 21 da 23. Ka auna kanka bayan ka yi aski, ka kuma riƙe ƙyallen yadin sa'ad da za ka saya, domin a sami zare ko ɗaya a hular da ya yi daidai da rigar. In kana da tsohuwa mai kyau, masu wankin hula za su mai da ita sabuwa. A waɗansu ikilisiyoyi maza sukan tuɓe hula lokacin addu'a, don haka ka tambayi fasto tun da wuri.

Takalmi kuwa, na fata sau-ciki, baƙi ko ruwan ƙasa, ya wadatar. Ka riƙa sa shi a gida kwana 3 ko 4 don ya saki, kada ya ci maka ƙafa. Agogo ɗaya da ɗan turare sun isa. Rawani, alkyabba da sandar girma kayan sarauta ne, wanda ba a naɗa ba ya bar wa masu su.

A ƙarshe, ga kira ga abokan ango da iyaye. Anko abu ne mai kyau, amma kada a zaɓi yadin da zai sa aboki talaka ya ɓuya ranar bikin amininsa. Kada kuma a matsa wa saurayi ya sayar da hatsin rumbunsa don riga. Washegarin biki akwai kuɗin haya, akwai cefane, amarya kuma ba za ta dafa shadda ba. Ango wanda ya shiga ɗakinsa babu mai binsa ko kwabo, shi ne ya fi kowa ado.