Wuƙar Aljihu a Kasuwar Jalingo

A Babbar Kasuwar Jalingo 'yan hatsi suna da wajensu, 'yan atamfa suna da nasu, haka ma mahauta da masu kayan miya. Amma wanda ya shigo neman wuƙar aljihu sai ya sha yawo, domin ba ta da rumfa tata ta kanta. Tana kan teburin ɗan koli tsakanin kwaɗo da tocila da abin yanke farce. Tana cikin baron yaron da ke zagayawa da batir da reza. Tana kuma shimfiɗe a kan buhu gaban maƙeri, kusa da lauje da fartanya. Ribarta ba ta taka kara ta karya ba, sai dai haja ce da ba ta kwantai, saboda masu nemanta ba sa yankewa rani da damina.

Dalilin haka yana ga irin mutanen da garin ke tarawa. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa Jalingo a 1893, kuma sai a ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire Taraba daga tsohuwar Jihar Gongola, garin ya zama mazaunin gwamna da ma'aikata. Ofisoshi sun ƙaru, amma har gobe ƙauyukan noma da kiwo ne ke ciyar da kasuwar. Makiyayin da ya kai sa kasuwar Iware ya sayar, in ya biyo ta cikin gari yana son abin yanke igiya da cire ƙaya da sassaƙe sanda. Manomin Mumuye daga Zing ko Yorro yana son wadda zai yanka irin doya da ita. Masuncin Lau yana son ta gyaran koma. Malamin allo yana son ƙarama mai tsini ta feƙe alƙalami. Ga mai lemo, ga mai rake, ga mai gyaran keke-napep da ke fere waya da ita. Kowannensu yana neman wuƙar da zai naɗe ya jefa aljihu ba tare da kube ba, wadda kuma in ta faɗi a gona ba zai kwana yana baƙin ciki ba.

Haja iri uku ce ke gasa a gaban waɗannan mutane: ta maƙera, ta kamfani mai tsohon suna, da kuma 'yar China.

Ta maƙera ita ce 'yar gida. Ƙira tsohuwar sana'a ce a wannan yanki na Binuwai, inda sandunan ƙarfe suka taɓa zama kuɗin ciniki da na aure, kuma aikin maƙeran Mumuye yana ajiye yau a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Maƙerin yanzu ba ya narka tama. Wajen 'yan gwangwan yake zuwa ya sayo sifirin mota da ya karye, ko tsohon magagari, ko guntun zarto. Sai ya sa a wuta, yaro yana jan zuga-zugi, ya ɗauko da awartaki ya ɗora kan uwar maƙera ya bi da masaba har ƙarfen ya yi faɗi ya yi siriri. Sirrin aikin yana wajen tsomawa. In ƙarfe ya yi ja aka tsunduma shi a ruwa ko baƙin mai, sai ya yi tauri. In taurin ya wuce kima sai bakin ya riƙa ɓallewa, in bai kai ba sai ya riƙa lanƙwashewa. Ido da sabo kaɗai ke gaya wa maƙeri lokacin da ya dace. Mafi yawan abin da yake ƙerawa wuƙa ce miƙaƙƙiya, wadda baduku zai ɗinka wa kube. Mai naɗewa kuwa sauƙaƙa ce: ƙusa ɗaya ke haɗa ruwan wuƙar da mariƙin itace ko na ƙarfe, matsewar ƙusar ce kuma ke riƙe ta a buɗe. In ta saki, sai a ɗora kan dutse a ɗan buga kan ƙusar, ta koma yadda take.

A cikin na kamfani, sunan da ya fi zama a bakin mutane shi ne Okapi. A 1902 aka fara ƙera ta a Solingen, garin maƙeran wuƙa na Jamus, musamman domin a sayar a ƙasashen Afirka da Jamus ke mulka, a zamanin da Gashaka da tsaunin Mambila, waɗanda ke cikin Taraba a yau, suke ƙarƙashin Kamarun Jamusawa. An tsara ta ne don talaka: mariƙin katako, ruwan baƙin ƙarfe mai saurin kama kaifi, sai wani siririn ƙarfe a bayanta mai zobe. In an buɗe ta tana yin ƙara ƙas-ƙas-ƙas har ta kulle, ba kuma za ta rufe ba sai an ja zoben nan. A 1988 aka sayar da sunan da injinan, aikin ya koma Isithebe a Afirka ta Kudu. Ta yi suna har Jamaika, inda samarin Kingston na shekarun 1960 suka mayar da ita abin taƙama. A Najeriya sunan ya shiga har ɗakin girki, shi ya sa masu kwaikwayo ke buga shi a kan wuƙaƙen da ba su taɓa ganin Solingen ko Isithebe ba.

Faransawa ma sun yi tasu. Kamfanin Cognet na garin Thiers ya fito da Douk-Douk a 1929, wadda mariƙinta fallen ƙarfe ne guda da aka ninke, shafal a aljihu. Don tsibiran tekun Pasifik aka yi ta, da hoton wani dodon al'adarsu a jiki, amma a can ba ta karɓu ba, sai a Afirka ta Arewa da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka. An ma yi wani samfurinta mai suna El Baraka, aka cire hoton dodon aka sa tambarin nan na Agadas da Buzaye ke ƙerawa da azurfa su rataya a wuya. Opinel kuwa ta girme su duka: Joseph Opinel ya fara ta a 1890 a yankin Savoie, a 1897 ya jera ta girma-girma daga lamba 1 zuwa 12, a 1955 kuma aka ƙara mata zoben da ake murɗawa a wuyanta ya kulle ruwan.

Irin waɗannan ba kullum ake cin karo da su a Jalingo ba. Abin da ya cika teburan 'yan koli daga China yake, inda birnin Yangjiang na lardin Guangdong ya shahara da ƙera wuƙa da almakashi. Kayan suna sauka Legas, su bi ta Onica ko kasuwar Sabon Gari ta Kano, sannan su iso a kwali, dozin-dozin. Na kudu suna biyowa ta Wukari da Mutum Biyu, na arewa ta Gombe da Numan. Saboda haka duk abin da ya taɓa hanya ko canji yana taɓa wuƙa. Faɗuwar naira tun daga Yunin 2023 ta ɗaga kuɗin duk abin da ake shigowa da shi, karyewar gadar Namnai a kan hanyar Wukari a daminar 2024 kuma ta ƙara wa direbobi wahala da kuɗin ɗauko kaya. Wannan ya ɗan buɗe wa maƙeri ƙofa, tun da shi tsohon sifiri da gawayi yake saye, ba dala ba.

'Yar China tana ɗaukar ido. Tana ƙyalli, wata da mariƙin roba mai launi, wata da mabuɗin kwalba da ɗan almakashi a jiki, kwaikwayon wuƙar sojan Suwizalan. Ba ta tsatsa, domin ƙarfenta farin ƙarfe ne da aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Matsalar ita ce mai arha daga cikinsa ba ya da isasshen sinadarin kabon da ke sa ƙarfe tauri, don haka kaifin ba ya jimawa. Baƙin ƙarfe akasin haka yake: ruwan lemo yana baƙanta shi, gumi yana sa shi tsatsa, amma yana kama kaifi da ɗan gugar dutse, ya kuma riƙe. Shi ya sa matashi ke miƙa hannu ga mai ƙyalli, dattijon manomi kuwa ya wuce ta ya ɗauki baƙar.

Ciniki a nan gwaji ne. Mai saye zai buɗe ta ya rufe sau da yawa ya ji ko tana da ƙarfin kamawa. Zai kama tsinin ya girgiza ya ga ko tana rawa a gindi. Zai goga bakin a farcen babban yatsa, ko ya aske 'yan gasu a damtse. Wani har ƙwanƙwasa ta yake yi a ƙarfen tebur ya saurari amon. Sannan ya tambaya, "Orijina ce ko 'yar China?" Ɗan koli ya ce, "Alhaji, duba tambarin da kanka." A taya, ya ce albarka, a ƙara, ya ce "Kawo kuɗi, Allah ya sa alheri." In ya ga mutum yana jinjina tsakanin mai tsada da mai arha, sai ya tuna masa cewa sayen nagari mayar da kuɗi gida. Wanda ya san kan abin yana gane jabu daga tambarin da bai nutsa sosai ba, da zoben da ke lanƙwashewa a yatsa, da katakon da aka shafa wa fenti don a ɓoye tsagewa.

A Turai da Amurka akwai mutanen da sha'awarsu ita ce tara irin waɗannan wuƙaƙe masu arha. Suna farautar Okapi mai tambarin Jamus ta kafin 1988, da Opinel lamba 1 da lamba 11 da aka daina yi tun shekarun 1930, su jera a akwati mai gilashi. Abin da ya sa tsofaffin ke wuyar samu shi ne ainihin masu su sun cinye su da aiki: an wasa, an sake wasawa, har ruwan ya zama kamar tsinke kafin a yar. A Jalingo ma ana tarawa, amma sana'a ce ke sa a tara. Zabirar wanzami cike take da asake, ta aski daban, 'yar tsaga daban, ta kaciya daban, wasu ma gadon uba da kaka ne, ko da yake wayar da kai game da cututtukan da ake ɗauka ta jini ta sa da yawa sun koma reza sabuwa ga kowane mutum. Mahauci yana da ta yanka, da ta fiɗa, da ta sara. Mai tsire yana da siririya doguwa ta yanyana nama. Dattijo kuma yana iya ajiye wuƙar da ya sayo a hanyar Makka ko ya gada, ba ya ba yaro aro.

Kula da ita a wannan gari yana bin yanayi. Damina a Jalingo tana da tsawo da laima, katako yana kumbura ya riƙe ruwan wuƙa har sai an sa haƙori ko an buga gindinta a dutse kafin ta buɗe. Da hunturu ya shigo sai katakon ya bushe, ƙusa ta yi sako-sako. Maganin tsatsa ɗigon man gyaɗa ne ko man kaɗe, a goge da tsumma. Wajen wasawa kuwa mutane sun kasu biyu. Akwai masu kai wa mai injin wasa, wanda ke gamawa nan take amma yana cin ƙarfe, in kuma bakin ya yi zafi har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. Akwai masu zama da dutse da ruwa su bi a hankali, su ƙarasa a kan fata.

Akwai kuma inda wuƙa ke jawo wa mai ita magana. Rikicin 'yan sara-suka a garuruwan Arewa ya sa jami'an tsaro ba sa wasa da matashin da aka samu da wuƙa mai kullewa a ƙugu da dare, ko a taron siyasa. 'Yan koli sun san haka, shi ya sa wasu ke ajiye manyan a ƙasan tebur, sai wanda suka yarda da shi. A filin jirgin sama na Danbaba Suntai ma, ko ƙaramar ba ta shiga jakar hannu.

Babbar kakar wannan ciniki ita ce kwanakin da ke gaban Babbar Sallah. Addini ya yi umarni a wasa wuƙa sosai kafin yanka don kada dabba ta wahala, saboda haka magidanta ke fitowa neman sabuwa ko su kawo tsohuwa a gyara. Maƙera suna kwana aiki, masu injin wasa suna samun layi, samari masu fiɗar raguna a unguwanni irin su Sintali da Magami da Sabon Gari suna sayen ƙanana na cire fata. Da layya ta wuce sai kasuwar cikin gari ta lafa. Daga nan 'yan koli ke ɗaure ragowar a kwali su bi kasuwannin mako na Iware da Mutum Biyu da Garba Chede, inda manoma ke da kuɗi a hannu idan doya da masara sun shigo gida.