Lilon makirfo: maganin gurnani in ana ɗaukar kiɗan ganga

Wannan taƙaitaccen bayanin shirinmu ne a kan ɗaukar sauti, musamman don samarin da ke da ƙananan situdiyo a Placodji da Zongon Kwatano. Matsalar ka san ta: an tara makaɗa, an biya su, an wuni ana aiki, da aka zo saurare sai ka ji wani gurnani a ƙarƙashin kiɗan, buuu, kamar hadari na tasowa. Sau da yawa laifin ba na makirfo ba ne, na abin da aka ɗora shi a kai ne.

To, ina gurnanin ke fitowa? Sauti ta hanya biyu yake isa makirfo. Ɗaya ta iska, wadda ita muke so. Ɗaya kuma ta ƙasa: mai kiɗa ya taka babbar ganga da ƙafa, daɓe ya girgiza, girgizar ta hau sandar makirfo ta shige ciki. Shi makirfo bai san bambanci ba, duk abin da ya motsa fatar da ke cikinsa sauti ne a wurinsa. A Placodji kuwa ga ƙarin wahala, don tashar jiragen ruwa na kusa, manyan motoci na wucewa da kaya, ƙasa na amsawa ko kunnenka bai ji ba.

Maganin shi ne abin da masu sayar da kayan sauti ke kira shok maunt. Mu ce masa lilon makirfo. Zobe ne na ƙarfe ko roba mai tauri, makirfo na rataye a tsakiyarsa da igiyoyin roba, ba ya taɓa sanda kai tsaye. In sanda ta girgiza, robar ta shanye.

Amma fa ba kowane makirfo ke bukatarsa ba, kada ka zubar da kuɗinka. A jerin gangunan zamani, irin waɗanda ƙungiyar Poly-Rythmo ta Kwatano ta yi suna da su, fara da makirfo biyun nan da ake ɗagawa sama da kan mai kiɗa. Yawanci irin kwandensa ne, masu cin wuta bolt 48 daga miksa, kuma jinsu kaifi ne. Sai wanda ake ajiyewa nesa don ya ɗauki amon ɗaki. Shi kuwa Shure SM57, wanda ake karawa kusa da ƙaramar ganga, yana da nasa abin rage girgiza a ciki, ga shi ƙarar ganga a kusa ta fi ƙarfin abin da ke hawowa ta sanda.

Kiɗanmu na gida ma haka lissafin yake. Mai kalangu a hammata yake riƙe da shi, mai ganga a kafaɗa yake rataye ta, girgizarsu ba ta cika sauka ƙasa ba, sai dai in suna taka rawa. Amma kiɗan ƙwarya, da mata ke zaune ƙwarya na kife a ƙasa, kowane bugu daɓe yake shiga. Nan lilo ya zama dole.

Wani zai ce, ai akwai maɓallin da ke yanke ƙananan sauti a miksa. Gaskiya ne, yana yanke abin da ke ƙasa da kaɗawa 80 ko 100 a daƙiƙa. Sai dai nauyin babbar ganga ma a can yake zaune, tsakanin 50 da 100. In ka yanke gurnani a kowane layi, ka yanke ƙirjin kiɗan. Gara ka hana shi shiga tun farko.

Ga abin da za ka kiyaye. Lilo ya dace da nauyin makirfo: in makirfo ya yi masa nauyi zai sauka ya taɓa zobe, in ya yi masa sauƙi robar ba za ta yi laushi ba. Ka bar wa waya ɗan sassauci kafin ka ɗaure ta a sanda, don waya mai tauri gada ce, girgiza za ta bi ta ta haye. Ka shimfiɗa darduma mai kauri ƙarƙashin ganguna, kuma kada sandar makirfo ta taɓa sandar faranti. Sannan ka riƙa duba robar, domin zafi da iskar teku na Kwatano na sa ta saki ko ta tsattsage.

In babu kuɗin saye, yanka tsohon tub na keke siri-siri, ka giciya shi a zobe, ka soka makirfo a tsakiya. Ba shi da kyan gani, amma yana aiki.

Gwajin kuma mai sauƙi ne. Sa abin sauraro a kunne, ka ce wani ya buga ƙafa kusa da sanda, ko ya ƙwanƙwasa ta da yatsa. In ka ji dum mai ƙarfi, da sauran gyara. Ka tuna lilo girgizar ƙasa kawai yake tarewa. Hon ɗin zemijan da ƙarar janareta ta iska suke zuwa, su kam sai ka rufe taga ko ka jira dare ya yi. Allah ya ba da sa'a.