Baikon Mai Ƙaramin Ƙarfi

Yau shirinmu ya yada zango a Gomari, cikin Maiduguri, da tambaya guda: Kiristan da bai da tabbacin tuwon gobe, me Littafi Mai Tsarki yake nema a wurinsa game da bayarwa?

Tarihin kun san shi. A watan Agustan 2014 Gwoza ta faɗa hannun Boko Haram, a watan Oktoba kuma aka mamaye hedikwatar ikilisiyar EYN da ke Kwarhi. Jama'a suka kwararo Maiduguri, yawancinsu kuma a gidajen dangi da 'yan'uwa masu bi suka sauka, a unguwanni irin su Gomari, inda aka shimfiɗa tabarmi har tsakar gida. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya ci Gwange da Kasuwar Monday, aka sake buɗe ƙofofin gidaje.

To, ku zo mu buɗe sura ta 8 ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Korantiyawa. Bulus yana tara gudummawa domin matalautan Urushalima. Su wa suka yi zarra? Ikilisiyoyin Makidoniya, ƙasar Filibi da Tasalonika, mutanen da tsanani da talauci suka yi wa katutu. Su da kansu suka roƙa, roƙo fa, a bar su su sa hannu. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda aka ɗauki kuɗin. Manzo guda, wanda ya kafa ikilisiyoyin nan da guminsa, ya ƙi riƙe jakar shi kaɗai. Ya aiki Titus, tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, don kada wani ya sami bakin zargi. Ya kuma riga ya shirya wa Korantiyawa tsari: ranar farko ta mako kowa ya keɓe wani abu gwargwadon samunsa. Kun ji ko? Bayarwa da son rai, gwargwadon hali, da lissafi a fili, domin mai buƙata. Wannan ita ce bayarwar da nake cewa ta dace da Gomari a yau.

Wani zai ce ai zalunci ne a ce wa talaka ya bayar, kuma yana da hujja, domin akwai masu wa'azin da ke cewa ka shuka iri a hannunsu Allah zai ninka maka, har gwauruwa ta kai jarin ƙosanta. Sukan kafa hujja da gwauruwar nan mai anini biyu a Markus sura 12. Amma a ɗan koma baya kaɗan a surar: Yesu ya gama tsawata wa malaman Attaura ke nan saboda cinye gidajen gwauraye. Ya yabi zuciyar matar, masu cinye ta kuwa ya yi musu kashedin hukunci. Bulus ma ya bayyana cewa ana auna baiko da abin da mutum yake da shi, kuma manufar ita ce daidaito, kada wasu su huta wasu su ƙuntata. Don haka ikilisiyar da ta karɓi aninin gwauruwa, bashin kula da gwauruwar ya hau kanta.

Wani kuma zai ce wannan aikin gwamnati ne da ƙungiyoyin agaji. Haƙƙinsu ne, a ci gaba da tuna musu. Sai dai tun 2021 gwamnatin Borno ta shiga rufe sansanonin 'yan gudun hijira a Maiduguri, kuɗin ƙungiyoyi kuma yakan ƙare. Maƙwabci kuwa yana nan.

Lokaci ya ƙure mana, sai a taƙaice. Ma'aji kada ya ƙirga baiko shi kaɗai, a karanta lissafi gaban jama'a. Dattawa su san gidan kowace gwauruwa da kowane maraya. Mudun gero da Zumuntar Mata ke tarawa baiko ne cikakke. Kuma kamar yadda Basamariyen nan bai tambayi addinin wanda ya tsinta a hanya ba, maƙwabci Musulmi yana da rabo a ciki. Sai mako mai zuwa, Ubangiji ya tsare mu.