Ƙasa da Jama'ar Babankatami: Bayani ga Masu Tsara Yaƙi da Jahilci

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yanayin ƙasa da zaman jama'a a Babankatami da kewayenta, domin ajin yaƙi da jahilci ba ya ɗorewa sai an san inda mutane suke zaune da lokacin da ake samunsu a gida. Babankatami ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Buza, cikin jihar Tawa. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi bakwai na gundumar. Sauran su ne Buza, Allakai, Dewule, Karofane, Tabotaki da Tama. Gundumar Buza kuwa tana tsakanin Keita da Madawa. An kafa irin waɗannan ƙananan hukumomi a Nijar bisa dokokin 2002, aka yi zaɓensu na farko a 2004.

2.0 Yanayin Ƙasa

Gundumomin nan uku suna cikin yankin da ake kira Adar-Dutsi-Magiya. Ƙasa ce mai tuddai na duwatsu da faƙo, wadda kwaruruka suka ratsa, manya daga cikinsu su ne kwarin Magiya da na Tarka da na Keita. Damina gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, ruwan kuma yakan kama tsakanin milimita 300 da 500 a shekara. A kan faƙo ruwa ba ya shiga ƙasa, sai ya kwarara ya yi zaizaya. Saboda haka garuruwa suka taru a gindin duwatsu da bakin fadamu, inda rijiya ba ta da zurfi. Ana noma gero a jigawa, dawa a fadama, albasa kuma da rani.

Farin 1973 da na 1984 sun yi wa yankin mummunar illa. Daga 1975 ƙungiyar CARE ta shiga dasa layukan dogon yaro a kwarin Magiya don kare gonaki daga iska. A 1984 kuma aka fara aikin raya karkara na Keita da taimakon Italiya da hukumar FAO, wanda ya farfaɗo da ƙasar da ta mutu. Abin lura shi ne, mata ne suka yi mafi yawan aikin ƙarfi a wurin.

3.0 Jama'a

An yi ƙidayar jama'a a Nijar a 1977, 1988, 2001 da 2012. Gundumar Buza tana da mutum 277,782 a 2001, ta kai 445,363 a 2012. Wato an sami ƙarin kashi 60 cikin ɗari a shekara 11. Idan aka ci gaba da haka, jama'a za ta ninka cikin shekara 17 ko kusa da haka. A ƙidayar 2012 ɗin, Keita tana da 337,098, Madawa kuma 545,538.

Mafi yawan mazauna Hausawa ne, musamman Adarawa. Akwai Abzinawa, kamar Kel Geres a wajen Madawa da Lisawan a Keita, akwai kuma Fulani makiyaya. Hausa ita ce harshen kasuwa tsakaninsu duka. Djibo Hamani da Nicole Echard sun wallafa bincikensu a kan tarihin Adar a 1975.

Da zarar an gama girbi, magidanta da samari da yawa sukan tafi cin rani Nijeriya, Kodibuwa ko Libiya, ba su komowa sai gab da shuka. Makiyaya kuma sukan haura arewa da damina, su gangaro da kaka.

4.0 Harshe

Adaranci reshe ne na Hausar yamma, wanda Bernard Caron ya yi nazarinsa a littafin da ya fito a 1991. Inda daidaitacciyar Hausa take da “suka zo”, “yana nan”, “gidansa” da “fari”, Ba'adare yakan ce “sunka zo”, “shina nan”, “gidanai” da “hwari”. Mai koyon karatu da ya ga a takarda abin da bakinsa bai saba faɗa ba yakan yi tuntuɓe tun darasin farko. Haka nan sunayen garuruwa: taswira tana ɗauke da rubutun Faransanci irin Bouza da Madaoua, wanda ba ya bin ƙa'idar rubutun Hausa.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, abubuwa huɗu sun fito fili. Na farko, rani ne lokacin da manomi yake da sarari, amma a lokacin ne maza suke barin gida. Don haka azuzuwan mata su ne za su fi samun ɗalibai masu ɗorewa. Na biyu, a kafa cibiyoyi bisa tsarin kwaruruka da ranakun kasuwa, domin ƙauyukan da suke kusa a taswira wani lokaci dutse ya raba su. Na uku, lissafin ɗalibai da malamai da aka ɗora a kan ƙidayar 2012 ya zama tsohon lissafi, sai an gyara shi. Na huɗu, littattafan farko su bi daidaitaccen rubutu, amma a horar da malamai su san Adaranci, su kuma ɗauko misalai daga albasa, rijiya da wasiƙar ɗan cin rani. Tun da dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, wannan aiki ya ƙara zama wajibi.